Shokar Keken Mahdi

Litinin, 15 ga Satumba, 2025

Yau shekara shida da wata biyu rabona da Kibiya. A mota na lissafa, bayan mun wuce Tudun Wada, don in hana idona kallon hanya.

Ga ni a Rano. Maigidana na Jos ne ya turo ni: masu hawan keken dutse su tara za su taho daga Kano da Abuja ranar Asabar, za su zaga duwatsun Rurum, ni zan duba musu hanya in daidaita musu shoka, ƙarfen gaban keke mai shanye girgizar hanya. Da ya ce Rano na ce ya tura wani. Ya ce wa ya san ƙasar kamar ni? An ba ni ɗaki bayan wani shago kusa da tasha. Daga ƙofata ina jin ɗan kamasho yana kiran Kibiya, Kibiya, saura mutum ɗaya. Tun la'asar saura mutum ɗaya.

Talata, 16 ga Satumba

Na taka hanyar da ƙafa, daga Rurum Tsohon Gari zuwa bayan dutse. Gero ya yi kai, dawa ta fi ni tsawo. Ƙasar ba ta san an yi komai ba.

Gangaren yana nan. Ban yi niyyar bi ta wurin ba, ƙafata ce ta kai ni. Duwatsu ne a jere kamar matakala, bakwai ko takwas, ɗaya bayan ɗaya, sannan kwana zuwa hagu, sannan tsamiya. A gindin tsamiyar nan mata masu tallan nono suka tsinci ƙanena Mahdi da hantsi, keken a kansa, jakar littattafan ɗalibansa a warwatse. Malamin firamare ne, an tura shi wata makaranta a bayan dutsen, yana yanke ta nan kullum don kada ya makara. Ni na saya masa keken, ɗan Beljiyam mai shokar iska, ni na haɗa shi da hannuna a lokacin da nake gyaran keke a bakin kasuwar Kibiya.

Na tsaya na karanta masa Ƙulhuwallahu. Ina cikin yi na ji fito daga sama, irin fitonsa, guda biyu gajeru ɗaya dogo. Makiyayi ne, na gan shi daga baya da shanunsa. Amma sai da na waiwaya ina neman Mahdi.

Ba zan bi da mutanen nan ta gangaren ba. Na samo musu zagaye.

Laraba, 17 ga Satumba

Injiniya Lukman, shugaban tafiyar, ya riga sauran zuwa. Kekensa kaɗai ya isa ya gina aji biyu. Na so in ƙi shi, ban samu dalili ba: shi ya fara gaishe ni, kuma ya riƙe mini keken ina aiki.

Na sa shi ya saka duk abin da zai hau da shi, hular kwano, jakar ruwa, takalmi. Na tura 'yar robar da ke zagaye da ƙarfen shoka zuwa ƙasa, na ce ya hau a hankali ya tsaya a kan feda, kada ya yi tsalle, ya sauka. Robar ta nuna inda shokar ta nutse. Kusan rabi. Na ce, “Injiniya, ko dai keken ya rame, ko kai ka yi ƙiba.” Ya yi dariya ya ce tuwon Hajiya ne. Na ƙara iska da ƙaramin famfo mai agogo, kaɗan-kaɗan, har nutsewar ta dawo kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai jan maɓallin da ke ƙasan ƙafar dama ta shokar, mai tsara saurin dawowar shoka bayan ta nutse. Ya tambaye ni amfaninsa. Na ce in ka sake shi da yawa, keke zai riƙa harbinka kamar jaki. In ka matse shi da yawa, shoka ba za ta gama miƙewa ba kafin dutse na gaba ya same ta. Ta nutse, ta ƙara nutsewa, ta ƙara, har gaban keken ya durƙusa, sai ka wuce ta saman hannun keken.

Ina faɗa ina jin muryata kamar ta wani. Sau ɗari na yi wa mutane wannan bayanin a Jos. Ban taɓa yin sa da duwatsun Rurum a bayana ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Mai abinci ta zuba mini miya tana kallona, ta ce, “Kai kamar ɗan gidan Malam Ɗanladi na Kibiya.” Na ce ana faɗa. Gobe zan canja wurin cin abinci.

Juma'a, 19 ga Satumba

Canja mai abinci bai yi amfani ba. Labari ya riga ya hau mota.

Bayan an sauko daga masallaci na tarar da mutum a ƙofar ɗakina, ya jingine keke da bango. Keken na fara ganewa kafin mutumin. Shuɗi, da ɗan lanƙwasa a hannun birkin dama. Mutumin kuwa Badamasi ne, wan Saudat, matar da Mahdi ya bari. Ya yi furfura a gemu. Muka gaisa gaisuwar da ta kamata, ya gida, ya iyali, ya bayan rabuwa. Bai ce mini ina ka shiga ba. Da ya faɗa da na fi jin daɗi.

Ya ce tun ranar da aka kawo keken Saudat ta sa aka rataye shi a ɗakin ajiya a gidansu na Lausu, ta ce kada kowa ya taɓa. Ko ƙura ba a share masa ba. Yanzu ta yi aure, tana da 'ya, Mu'minat. Shi kuma Badamasi ma'aikacin lafiya ne, an ba shi ƙauyukan bayan dutse, yana kai allurar rigakafi a akwatin sanyi. Babur ba ya hawa wurin da damina, da ƙafa kuwa ƙanƙarar tana narkewa kafin ya isa. Saudat ta ce ya ɗauki keken, amma da sharaɗi: “Ka kai wa Yaya Haliru. Shi ya haɗa, shi ya san cikinsa.”

Na ce akwai masu gyara a Rano. Ya ce, “Malam Haliru, masu gyaran nan in suka ga shoka tana motsi sai su cusa mata guntun taya su ce sun gyara. Ni kuma ta gangaren nan zan riƙa bi.”

Ya tafi ya bar mini shi.

Bari in rubuta abin da ban taɓa rubutawa ba, tunda ba mai karantawa. Ranar sadakar uku, tabarmi cike da mutane, wani ya ce ya ga Mahdi a wurin Baba Alu mai faci ana gobe zai faɗi. Kowa ya san halin masu faci: in suka ga bawul, bakin hura iska, ko a jikin me yake, sai sun ɗora masa injin iska. Shokar nan kuwa tana da bawul a saman ƙafar hagu, irin na taya sak. Na miƙe tsaye a gaban liman da kowa na nuna dattijon nan da yatsa. Na ce ya bunƙa wa shoka iska har ta zama taɓarya, shi ya sa ta wurga yaron. Na ce kai ka kashe shi.

Baba Alu bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Haliru, wallahi taya kawai na hura.” Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita.

Ana gama sadakar bakwai na hau mota. Na ce ba zan iya zama gari ɗaya da shi ba. Haka na gaya wa Inna, haka na gaya wa kaina.

Keken yana jingine a ɗakin. Na juya masa baya ina rubutun nan.

Asabar, 20 ga Satumba

An yi hawan, kowa ya dawo da ƙafafunsa. Manyan mutane, sun baro sanyin ofis sun zo suna neman wahala a kan dutsen da malamin makaranta yake hawa don dole. Suna wucewa mata a gona suna dafe baki. Amma gaskiya ɗaya: sun iya, kuma ba su taka wa kowa shuka ba, sai da Injiniya ya tsayar da su suka ɗauki kekunan a kafaɗa suka tsallake gyaɗar wani tsoho.

Wani matashi a cikinsu ya ce gaban kekensa yana masa rawa, ya sunkuya ya murɗe jan maɓallin har ƙarshe. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Injiniya ya ja ni gefe ya ce, “Malam, lafiya?” Na ce rana ce. Na je na ba yaron haƙuri, na mayar masa da maɓallin, na kwance shi daga rufe har ya yi ƙara ƙas sau bakwai.

Har muka dawo gari idona yana kan gaban kekensa.

Lahadi, 21 ga Satumba

Sun tafi. Ya kamata in bi motar Jos gobe. Na yi wa maigida waya na ce akwai ɗan aikin da ya rage.

Na kalli keken da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Sirdin yana nan a tsawon Mahdi, ya fi ni tsawo da ɗan yatsa uku, yana yi mini gori da shi. Tayoyin sun mutu, sarƙa ta yi tsatsa. Duk wannan ba komai.

'Yar robar nan ta jikin shoka. Tana can sama, maƙale da wuya, ta bushe a wurin. Ba ta komawa ƙasa da kanta, inda shoka ta tura ta nan take tsayawa. Wato nutsewar ƙarshe da shokar nan ta yi, har ƙasa ta kai. Shokar da aka bunƙa wa iskar injin faci ba ta nutsewa haka. Ko rabi ba za ta yi ba.

Amma faɗuwar ma tana iya tura roba. Ko wajen ɗauko keken wani ya taɓa. Ko yara a Lausu.

Ko, ko, ko. Na iya ƙirga ko har gobe.

Litinin, 22 ga Satumba

Ina da wata al'ada tun ina bakin kasuwa. Duk shokar da na daidaita, sai in ɗiga jan fenti a kan hular bawul, ya gangara ya haɗe hular da jikin ƙarfe. In wani ya buɗe bayan ni, fentin zai tsage, in mai keke ya dawo da ƙorafi in nuna masa. Wayo ne na kare kaina. Na manta ma ina yi, a Jos ba a yin haka.

Na goge ƙurar da bakin rigata.

Fentin yana nan. Ya dushe, ya koma kalar goro, amma ɗigo ɗaya ne daga hula har ƙarfe, babu tsaga ko ta gashi. Tun ranar da na ɗiga shi ba wanda ya murɗa hular nan. Taya kawai ya hura.

Ban taɓa hular ba. Na koma ƙafar dama. Jan maɓallin a rufe yake ruf, na gwada ƙara matsewa babu ko ƙas ɗaya. Na kwance ƙasan na tara gwangwani. Abin da ya fito baƙi ne, mai kauri, yana saukowa a hankali kamar maɗi. Man shoka ruwa-ruwa ne, kana ganin ƙasan gwangwani ta cikinsa. Wannan baƙin mai ne na babur. Na san babur ɗin. Nawa ne.

Na tuna ranar sarai. Shokar ta zo a bushe, man nata sai Kano, ranar kuwa kasuwa ta cika, ina da kekuna a layi. Na ce mai ai mai ne. Bayan kwana biyu Mahdi ya dawo yana dariya: “Yaya, abin nan naka yana tsalle da ni kamar bunsuru.” Na sunkuya na murɗe maɓallin har ya tsaya. Na ce je ka, na ɗaure maka bunsurun. Ya yi fitonsa ya tafi.

Mai mai kauri, maɓalli a rufe, duwatsu takwas a jere.

A lokacin ban sani ba, wannan gaskiya ne, Allah shaida. Amma a shekarata ta farko a Jos, ranar da maigida ya koya mini aikin jan maɓalli, na tuna bunsurun da na ɗaure. Tun ranar na sani. Shekara biyar ina sane, ina cewa ai ba a tabbatar ba, ai keken yana nesa. Ashe ba Baba Alu na guda ba.

Talata, 23 ga Satumba

Ban yi aiki ba. Gwangwanin yana bakin ƙofa, ƙuda ma ba ya sauka a kai.

Da la'asar Badamasi ya kira, ya ce ga Saudat. Muryarta ta manyanta. Ta gaishe ni da Yaya kamar jiya muka rabu. Na tambaye ta labarin Baba Alu, ko yana raye.

Ta ce yana nan. Bayan maganar nan mutane suka janye, ba wanda ya ce masa komai, kawai aka daina tsayawa. Masu babur suka sa masa suna Mai Iskar Ajali, yara suka ɗauka. Ya sayar da injin. Yanzu yana zama a ƙofar masallacin Juma'a yana tsaron takalma. Ta ce duk shekara da azumi yana aiko wa Inna da dabino, Inna tana karɓa, ba sa maganar.

Na ce, “Saudat, kin san abin da zan gani a keken nan?”

Ta ce, “Ni ban san keke ba, Yaya. Na dai san ranar da ya dawo daga wurin Baba Alu ya ce mini tsohon ya so ya taɓa shokar ya hana shi, ya ce aikin Yayana ne, ba mai sa masa hannu. Ina cikin takaba, wa zan gaya wa? Da na fito ka tafi.”

Aikin Yayana ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Tsohuwar shokar ba za ta koma kan keke ba, ko da za ta gyaru. Akwai wata a akwatina da na taho da ita saboda ko ta baƙin za ta lalace, na gaya wa maigida na ɗauka, mu daidaita in na koma. Na ɗaura ta, da mai na gaskiya. Taya biyu, sarƙa, igiyar birki, duk sababbi. Sirdin ne ya ba ni wahala. Ba tsatsa ba ce. Na daɗe riƙe da sifana kafin in sauke shi zuwa tsawon Badamasi.

Na ce ya zo da akwatin sanyin a cike, yadda zai riƙa ɗauka, ba fanko ba. Ya goya shi, ya hau, na auna nutsewa, na rage iska, ya sake hawa. Sau huɗu. Ya ce, “Malam Haliru, ko ɗinkin angwanci ba a yi mini wannan awon ba.” Na ce ɗinki in ya matse ka kunya kawai za ka ji.

Muka tafi gangaren. Ni na fara sauka, da akwatin a bayana. Ban taɓa hawa wurin ba, ko kafin abin ya faru. Dutse na ɗaya, shoka ta nutse ta dawo. Na biyu, ta dawo. Ina ƙirgawa da ƙarfi kamar mai karatun allo. A na shida gaban ya ɗan yi ƙasa, na tsaya, na sassauta maɓallin ƙas biyu, na tura keken sama na sake. Wannan karon har kwana, har tsamiya, hannun keken bai girgiza ba. Na duba robar: saura yatsa ɗaya ta kai wuya. Haka ake so.

Badamasi ya sauka sau uku. Na nuna masa maɓallin na ce ko wa ya ce ka matse, ko ni ne, kada ka wuce nan. Na nuna masa bawul na ce ƙaramin famfo kawai, na bar masa nawa.

Muna zaune a gindin tsamiyar na gaya masa komai, man, maɓallin, fentin. Ya ce kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙan Mahdi. Na ce amin. Sai ya ƙara da cewa, “Mahdi ya riga ya tafi, Malam. Tsohon ne yake nan.”

Makiyayin bai fito yau ba. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai kurciya.

Alhamis, 25 ga Satumba

A gaban tabarmi cike na ɗora wa Baba Alu laifi. Ba a janye irin wannan a soro, mutum biyu. Ban ce zan yi wani abu ba. Na dai wanke farar rigata, kuma da ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya na ce masa gobe da hantsi ya ajiye mini gaba, ina da kaya mai tsawo. Wataƙila in fasa. Inna ma ban gaya mata ba, kada ta dafa abinci a banza.

Abin da na iya cetowa daga keken Mahdi: firam ɗaya, gangar jikin keken, lafiya lau. Garen tayar baya. Hannu, da birkin dama mai lanƙwasa, na bar shi yadda yake. Feda biyu. Sirdi. Waɗannan sun tafi bayan dutse da Badamasi tun da safe.

Abin da ya rage a wurina: gwangwani ɗaya na baƙin mai, na rufe bakinsa da leda. Shoka ɗaya a cikin buhu, robarta a sama, maɓallinta a rufe. Hular bawul tana nan a jikinta, fentinta bai tsage ba.

Ana sauko da Juma'a a Kibiya ƙarfe biyu. Baba Alu yana zama ta ƙofar gabas, in ji Saudat.